Muryar Inna a Tsohuwar Waya

Assalamu alaikum. Wanda ya saba da ni ya san ba ni da yawan magana, a rubuce ne kawai bakina yake buɗewa. Wanda kuma yau ya fara shigowa, sunana Naja'atu, a Kabo nake, ni ce autar gidanmu, kuma an sa ranar aurena da Mahbub in an gama girbi. Ba wanda ya yi min dole, ina son shi. Na faɗa tun yanzu don kar wani ya ji abin da ke tafe ya ɗauka mugu ne. Da mugu ne ma, da abin ya fi min sauƙi.

Ranar Alhamis bayan la'asar ina tsakar gida ina tsince wake a faifai na ji ƙarar mashin ɗinsa. Na san ta a cikin dubu, tana yin wani ɗan tari in zai kashe. Gwaggo Asibi, ƙanwar Baba da ta dawo gidanmu tun rasuwar Inna, ta karɓe faifan ta ce in tashi in sauya kaya, kar in fita wa ɗan mutane ina warin hayaƙi. Na sa atamfata mai ruwan ganye, na ɗora hijabi ruwan toka, na shafa 'yar humrar da ta rage a ƙasan kwalba. Gwaggo ta kalle ni ta ce hijabin nan kamar na mai takaba, amma ta bar ni na wuce.

Yana zaune a zaure kan tabarma, ya sha shadda ruwan sararin samaniya, hula ta zauna, sai murmushi yake yi shi kaɗai. Mahbub maganin gona yake sayarwa a kasuwar Gwarzo, kuma ko wanka goma ya yi sai ka ɗan ji warin shagon a ƙarƙashin turarensa. Ni har na saba, in ban ji ba sai in ga kamar ba shi ba ne. Muka gaisa, ya tambayi Baba, ya tambayi Gwaggo, ya tambayi awaki ma don tsokana. Sai ya turo min wata baƙar leda da ɗan yatsa.

Waya ce sabuwa dal a kwalinta, bayanta ruwan zuma, sai ɗaukar ido take. Ya riga ya kunna ta ya yi mata caji. Ya ce in ɗora yatsana a gefe, in ɗaga, in mayar, har ta san ni. Na yi, duk kunya ta kama ni. Sai ya ɗora nasa, ita ma ta buɗe nan take.

Ya ce, "Kin gani? Mu biyu kaɗai ta sani a duniya. Ni da ke babu ɓoye-ɓoye."

Na yi godiya, kuma har zuciyata na yi. Tsohuwar tawa kowa ya san halinta. Sikirin ɗinta ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, bayanta da roba nake ɗaure shi, in caji ya yi rabi sai ta mutu ba sallama. Sai Mahbub ya ci gaba da bayani. Ya ce ranar Asabar da safe zai zo ya karɓi duka biyun ya kai wa abokinsa Jalo, mai shagon waya a Gwarzo, a juye min komai, hotuna da lambobi da hirarrakin WhatsApp. Ita kuma tsohuwar a can za ta zauna, don da ita aka yi cinikin sabuwar, shi ciko ya yi. Wai Jalo kayan cikinta yake so.

Na sunkuyar da kai na ce, "Ba za a bar min ita ba?"

Ya yi dariya har hularsa ta goce. "Wannan mai ɗaurin gwarmai? Ko dai akwai wani a ciki ne da ba a so in gani?"

Wasa yake yi, na sani. Amma na ji motsin takalmin Gwaggo a bayan ƙyaure, ita kuma ba ta san wasa ba.

Bari in gaya muku abin da ke cikin wayar nan, don ban taɓa gaya wa kowa ba.

Mu biyu Inna ta haifa muka rayu, Yaya Sauda da ni. Yaya tana aure a Getso, kuma mijinta, Yaya Jibirin, wan Mahbub ne uwa ɗaya uba ɗaya. A sunan 'yarta ta ƙarshe ma muka fara gaisawa da Mahbub. Wannan haihuwar da tiyata aka yi ta, jini ya ɓalle mata, sai da aka yi ta neman masu ba da jini har cikin 'yan kasuwa. Likita ya ce in ta sake ɗaukar ciki nan kusa, a yi mata addu'a kawai. Yaya Jibirin ya ce likita ba shi ke raya mutum ba, kuma a gidansa ba za a yi maganar tazarar haihuwa ba. Daga nan ba a ƙara tayar da zancen ba.

Bayan 'yan watanni Inna ta kwanta ciwon da bai bar ta ba. Aka kwantar da ita a asibiti a Gwarzo, Yaya ce mai jinya, ni an bar ni a gida saboda jarrabawar fita sakandare da girkin Baba. Inna ba ta taɓa riƙe waya ba, ba ta karatun boko. In tana son magana da ni, sai Yaya ta danna mata ta yi saƙon murya. Yawancinsu gajeru ne, a ba awaki dusa, a rufe randa, kar a cika wa Baba gishiri. Guda ɗaya ne mai tsawo, shi ne na ƙarshe.

Na haddace shi kamar karatun allo. Ta fara da, "Auta, ni ce. An ce min kin rame. Ki ci abinci, jarrabawa ba ta cin mutum." Ta ce in dinga shafa man kaɗanya a dugadugaina saboda faso. Ta ce ta yafe min duniya da lahira, ban taɓa ɓata mata ba in ban da rashin maganar nan tawa. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ya ba ki mijin da zai dinga jin shirunki." Daga nan sai tari ya sarƙe ta, ana jin ƙarar cokali a kofi Yaya tana dama mata wani abu. Sai ta gyara murya ta ce, "Sai kuma maganar yayarki."

Ba ta faɗin sunan Yaya, 'yar fari ce. Amma ta faɗi komai. Ta ce ita da kanta, da robar ƙarin ruwa a hannunta, ta sa aka kai yayata ɗakin mata aka saka mata abin tazarar haihuwa a damtse, wanda mata ke ce wa ashana. Ta ce mijin bai sani ba, kuma kar ya sani, kar uwarsa ta sani, kar Baba ya sani don ba zai iya kallon surukinsa ya yi shiru ba. Ta ce in lokacin sauyawa ya yi ba ta raye, ni zan raka ta. "Ke na zaɓa don ke ce ba kya magana."

Yaya ta goge nata a take, don mijinta yana duba wayarta. Nawa ne kaɗai ya rage a duniya. Kullum in na idar da sallar asuba sai in kara wayar a kunne a hankali, in ji har zuwa ƙarar cokalin, in tsayar. Ko Baba ban taɓa kunna wa ba. Kun ga inda na tsaya ke nan. Albarkar da Inna ta sa min da sirrin da ta ba ni a saƙo ɗaya suke, ba su rabuwa.

Kuma Mahbub, Allah ya sani, mutumin kirki ne, amma cikinsa ba ya riƙe magana. Abin da ya ji da safe, kafin azahar Hajiyarsu ta ji. Ba gulma ba ce, shi dai bai san ana ɓoye wa uwa abu ba. Hajiyar nan kuwa yanzu haka rubutu take aika wa Yaya a galan, wai shiru ya yi yawa tun da aka yaye yarinya.

Yana tafiya Gwaggo ta tare ni a bakin murhu. Ta karɓi kwalin ta juya shi, ta sa albarka, sannan ta dawo kaina. Ta ce ta ji abin da na ce a zaure. Ta ce yarinyar da aka sa wa rana ta ƙi sakin tsohuwar waya, ko ba ta da kowa an riga an ba ta wani. Ta kawo labarin wata a Masanawa da aka fasa aurenta ana saura mako saboda hoto ɗaya. Na ce ni saƙonnin Inna nake ji. Ta ce ai shi ya sa za a juye, me ya rage kuma? Da Baba ya dawo daga magariba ta kai masa wayar ya gani. Ya riƙe ta da hannu biyu kamar ƙwai, ya ce yaron nan ya san darajar mutane, gidansu ya bai wa 'ya'yansa biyu kuma bai yi nadama ba. Ya ce min, "Ki ba shi abin da ya ce, Auta. Ba a ja wa mai alheri rai."

Na yi ta lissafin hanyar fita. In tura saƙon cikin sabuwar, yatsan Mahbub yana buɗe ta. In cire yatsansa, sai ya tambayi dalili, kuma da gaskiyarsa. In tura wa ƙawata Bilki ta ajiye min, na sa kunne na uku a abin da Inna ta ce kar a ji. Wurin sa memori a tsohuwar ya daɗe da lalacewa. In ce ta faɗa rijiya, Gwaggo da idonta ta ga na sa ta a ƙarƙashin filo, kuma ni ban iya ƙarya ba, muryata ce take fara tona ni.

Ranar Juma'a na jira sai da maza suka tafi masallaci, lokacin da duk matan garin nan suke samun bakin magana. Gwaggo ta shiga maƙwabta karɓo rariya. Na kira Yaya. Na ji yaranta suna faɗa a kan wani abu, tana raba su. Na gaya mata abin da ake ciki.

Ta ce, "Naja, wai ba ki goge ba? Duk tsawon nan?"

Na ce ban iya ba.

Ta rage murya. Ta ce in san cewa in maganar nan ta fita, abu biyu ne, ko ya sake ta ya riƙe yaran, ko ya kai ta a cire a gabansa, kuma ita ta fi tsoron na biyun. Ta ce ba ta son mutuwa ta bar su ƙanana. Ba kuka take ba, a hankali take faɗa kamar mai karanta min sunayen kayan miya, shi ya fi tayar min da hankali. Ta ce in goge yau. Na ce to. Har za ta kashe sai ta ce, "Tsaya. Me ma ta ce a farkon? Ni na riƙe mata wayar amma na manta." Na karanta mata tun daga "Auta, ni ce" har zuwa man kaɗanya. A nan ta ce min ya isa, ga sallamar mutane a ƙofa, ta kashe.

Ban goge ranar ba. Na kwana da shi.

Asabar da hantsi ina ba awaki dusa dabara ta zo min. Sabuwar waya tana da wurin ɗaukar murya. In na kunna saƙon a tsohuwar, na kara sabuwar a bakinta, zan ɗauki rabin farko in tsaya a kan cokali. Na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Na ɓoye su duka biyu a cikin hijabi na zagaya bayan rumbu, inda Inna take shanya kuɓewa.

Na farko Gwaggo ta ƙwala min kira a tsakiya, muryarta ta hau kan ta Inna. Na biyu injin niƙan maƙwabta ya tashi. Na durƙusa na jira, gumi yana bin bayana, ina jin kowane mashin da ya wuce kamar nasa ne. Da injin ya lafa na sake. Wannan karon ya kamu. Muryar ta yi nisa, kamar tana magana daga cikin ɗaki ni ina waje, kuma akuyarmu ta yi kuka daidai inda take cewa ta yafe min. Amma ita ce. Na tsayar kafin cokalin ya gama ƙara.

Sai na koma tsohuwar. Na danne saƙon da yatsa har ya yi shuɗi. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Ba wanda ya tambaye ni haka tun ranar Alhamis sai ita. Na ce bismillah na danna. Wurin ya rufe kamar ba a taɓa ajiye komai ba, saƙon dusa ya matso kusa da na randa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da gawar Inna, bakina a cikin hijabi don kar a ji.

Da Mahbub ya zo na miƙa masa duka biyun a leda, har da layina a ciki, don ya ce sai da shi za a buɗe WhatsApp a sabuwar. Ya kalli idona ya tambaya ko lafiya. Na ce hayaƙi ne. Ya tambayi fasiwod ɗin imel ɗina, na ce ban sani ba, tun da aka sayi wayar a shagon Jalo aka buɗe min, ban taɓa shiga ba. Ya ce in dai Jalo ne ai an gama, duk wanda ya buɗe wa imel lambar wayar mutumin yake sa masa a matsayin fasiwod, rabin mutanen Gwarzo da Kabo haka suke yawo. Ya yi dariya, ni ma na yi, don ban san me imel ɗin zai yi ba.

Wunin nan na yi shi da sauƙin zuciya, ban ɓoye muku ba. Na yi wanki, na tuƙa tuwon dawa, har Gwaggo ta ce yau an sake min fuska. Ina ta ce wa kaina na yi rashi amma na cika amana.

Bayan la'asar ya dawo. Ban ma sauya kaya ba, mayafi kawai na yafa. Na same shi a tsaye a zaure, ya kasa zama don murna, wayar a hannunsa ba a leda ba.

Ya ce komai ya dawo, har abin da ban zata ba. Ya ce ashe ita wayar da kanta take kwashe hirarraki ta ajiye a imel kullum kafin gari ya waye, ko mai ita bai sani ba. Jalo bai ma wahalar da kansa da tsohuwar ba, daga can ya sauko da ajiyar daren jiya gaba ɗaya. Ban gane ba da farko. Sai da ya ce "daren jiya" a karo na biyu na fahimta. Ni da hantsin yau na goge.

Ya ce, "Na ga kin ɗauki muryar Inna da kanki, duk kukan akuya. Shi ne idonki ya yi ja da safe, ko? Kin ɗauka za ta ɓace." Ya matso da wayar. "Na nemo miki na ainihin. Ga shi nan, mai tsawon. Wallahi ban ji ba, na ce sai a gabanki. Ban samu na gaishe ta a matsayin suruka ba, bari in ji muryarta ko sau ɗaya."

Idonsa har ya kawo ruwa. Ku gaya min, da wane baki zan ce a'a? Ya ƙure ƙarar ya danna.

"Auta, ni ce."

Sabuwar waya ba irin tawa ba ce. Muryar ta cika zauren tas, kamar Inna tana zaune a kan tabarmar. Na ji an saki muciya a cikin gida, sai ga Gwaggo a bakin ƙyaure, hannunta a ƙirji. Inna tana maganar man kaɗanya aka yi sallama daga waje, sallamar ta yanke a rabi. Baba ne ya dawo daga gona, fartanya a kafaɗa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, ya tare hasken.

Ta yafe min. Ta sa min albarka. Da ta zo kan mijin da zai dinga jin shiruna, Mahbub ya kalle ni ya yi murmushi. Sai tarin. Sai cokali a kofi.

Ni da ban taɓa bari ko gefen mayafina ya taɓa shi ba, na kai hannu biyu na fizge wayar daga hannunsa a gaban mahaifina. Yatsana ya sami wurin tsayarwa, amma ta riga ta faɗa.

"Sai kuma maganar yayarki."

Mahbub yana kallon hannunsa da babu komai a ciki. Gwaggo tana kallona, irin kallon da take wa ƙwaryar da ta ji tana yoyo. Na ƙanƙame wayar a ƙirjina, ina sane da cewa ko na gudu da ita ɗaki, yatsansa yana buɗe ta.

Baba ya sauke fartanyar a hankali ya jingina ta da bango. Ya cire takalmansa, ya zauna a bakin tabarma, abin da bai taɓa yi ba in ina zance. Ya share fuskarsa da hannun riga. Bai yi faɗa ba, muryarsa ma da ƙyar take fita.

Ya ce, "Ashe kina da muryarta, Auta. Ni ban samu mun yi sallama ba." Ya miƙo min tafin hannunsa, duk ƙasar gona. "Kunna mana. Bari in ji ƙarshen maganarta."